Wane Mutunci Mai Sayar da Zoɓo Ta Zubar?

Jama'a, maganata da waɗansu 'yan'uwanmu ɗalibai ce, masu yi wa ɗalibar da ke sayar da zoɓo a ɗakin kwananta dariya, wai ta zubar da mutuncin jami'a. To, wane mutunci? A 1978 ƙarin kwabo 50 aka yi a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini guda, ƙasar nan ta ɗauki zafi, har aka rasa rayuka a Samaru. Abincin nan mai rahusa ya daɗe da zama tarihi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuwa, kuɗin mota kaɗai sai ya lashe guzurin da iyaye suka haɗa.

Ku dubi abin da muke fita nema bakin ƙofa kullum: aski, kitso, ɗinki, wanki da guga, buga takardu, cajin waya in an ɗauke wuta. Kuɗinmu ne ke ficewa. Ɗalibi ɗaya da injin aski zai riƙe samarin bene guda ran Alhamis da dare, kowa na shirin Juma'a. Jarinsa bai kai kuɗin wayar da ke hannun masu dariyar ba.

Masu cewa sana'a tana hana karatu, ni dai ban ga ta kai hirar gindin bishiya cin lokaci ba. Hukuma ita ma, maimakon korar masu 'yan kuloli, ta kafa musu rumfa, ta rubuta sunayensu, malaman tsabta su riƙa dubawa.