A Bar Yara Su Hau Dala

Da zarar wani malami ya tara yaran unguwa ranar Asabar ya ce za su zagaya ganuwa, sai ka ji iyaye na gunaguni: yawon banza ne, gara su zauna su yi lesin. Mu kuwa masu sana'ar rubuta manhajar kwamfuta namu kuskuren ya fi muni. Ana ambaton tarihi sai mu ce a bari mu zuba shi a waya, yaro ya koya yana kwance a ɗaki.

Mun san iyakar waya, da ita muke cin abinci. Za ta gaya wa yaro cewa Sarki Gijimasu ne ya aza harsashin ganuwar Kano wajen ƙarni na 12, ya haddace, ya ci jarrabawa, ya manta. Amma a kai shi gindin abin da ya rage na ganuwar, ya shafa ƙasarta, a tambaye shi kwando nawa aka ɗebo kafin ta kai haka. Wannan tambayar za ta bi shi har gida. Gani ya kori ji.

Ƙungiyar yara masu bin sawun tarihi ba ta bukatar wani jari: manya biyu amintattu, izinin iyaye, ruwan sha da littafin rubutu. Wannan makon a hau Dala a hango birni, a ji labarin Barbushe. Na gaba a je marinar Ƙofar Mata, su tambayi marina yadda ake haɗa baba da toka. Sannan Gidan Makama, sannan Kasuwar Kurmi da Muhammadu Rumfa ya kafa. Kowane yaro ya tafi da tambaya, ya dawo da amsar da ya samo da bakinsa.

Masu cewa zancen Tsumburbura zai ɓata wa yara aƙida, ta yaya yaro zai san darajar zuwan Musulunci Kano idan bai san abin da ya tarar ba?

An shafe shekaru ba a koyar da Tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamarenmu. Sakamakon ga shi muna gani: ana yankar ganuwa ana fitar da filoti, ana kafa shaguna, ba mai ɗaga murya. Wanda bai taɓa sanin ta ba, ba zai yi mata kuka ba.

Asabar mai zuwa mu ajiye wayoyin, mu kama hannun yaranmu, tun da sauran abin nuna musu.