RA'AYINMU: Ɗalibin da Ke Makaranta Amana Ne a Wuyanku

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, ya zama wajibi mu ja hankalin iyaye da yayye ga halin da 'ya'yanmu suke ciki a jami'o'i da kwalejoji. Yaro yana can yana fama da kuɗin rajista, da cunkoson ɗakin kwana, da yunwa, da fargabar jarrabawa. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya zaunar da ɗalibai wata 8 a gida. Amma in ya dawo hutu, ba a tambayarsa komai sai sakamako.

Idan damuwa ta yi masa katutu, ya daina barci, ya ƙi abinci, ya keɓe kansa, sai mu kasu biyu. Wasu su ce raunin imani ne. Wasu su ce sammu ne, su kai shi wurin boka, a bar ciwo a faɗa shirka, wal'iyazu billahi.

Baƙin ciki ba ya kore imani. Annabi Yaƙubu (AS) ya yi jimamin Yusufu har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman Sira suna kiranta Shekarar Baƙin Ciki. Sama da shekara 1,000 da suka wuce, Abu Zaid al-Balkhi ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta zuciya, bai raba su ba.

Saboda haka, ku riƙa kiran ɗanku ko 'yarku kuna tambayar lafiya kafin maki. Ku saurara ba da tsawa ba. Kada ku gwada shi da ɗan maƙwabci, kada ku tona asirinsa a dangi. Ku lura da abokansa, domin mai damuwa shi ne abin farautar dillalan ƙwaya. Ku yi addu'a da ruƙiyya ta Sunna, ku kuma kai shi ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri, da Dawanau. Neman magani ba ya warware tawakkali. In kuwa ya fara ambaton kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, kada a kwana ba a nemi likita ba.

Digiri ana iya sake nemansa, rai kuwa ba a sake shi. Kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya yaye musu ƙunci, amin.