Ku Daina Mayar da Malam Dodo

Duk shekara idan aka koma makaranta, a Satumba a Najeriya ko Oktoba a Nijar, abu ɗaya ake gani a ƙofar firamare: yaro ɗan shekara biyar ko shida yana birgima a ƙasa, ya ƙanƙame zanen uwarsa, ana ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Masu wucewa su yi dariya, uba ya ce sangarta ce. Wannan kuka mu iyaye muka shuka shi, kuma laifi ne da ya kamata mu ji kunyarsa.

Tun yaro yana ɗan shekara uku muke masa barazana da makaranta. Ya zubar da koko, a ce, "Bari a kai ka makaranta, Malam ya zane ka." Ya ƙi barci, a ce, "Za ka gamu da dorinar Malam." Shekara biyu ko uku yana jin haka daga bakin mutanen da ya fi yarda da su a duniya. Ranar da aka sa masa yunifom kuwa, sai a so ya ruga da murna wurin mutumin da aka siffanta masa da bulala. Da ya yi turjiya, a ƙara masa da mari. Wane adalci ne wannan? Kai ka tsorata shi, kai kuma ka dake shi don ya ji tsoro.

Sai kuma yaudara. Uwa ta ce, "Zauna nan, in sayo maka alawa," ta sulale ta gudu gida. Tana ganin dabara ta yi, alhali darasin farko da ɗanta ya koya a makaranta shi ne maganar uwarsa ba abin riƙewa ba ce. Gobe zai fi ƙanƙame ta, domin ya gane da ya ɗauke ido za ta ɓace. Ki faɗa masa gaskiya: "Zan tafi gida, in an tashi kafin azahar zan zo in ɗauke ka." Sannan ki zo a kan lokaci. Yaron da aka bari shi kaɗai a tsakar makaranta bayan kowa ya watse ba ya mance wannan ranar da wuri.

Kakanninmu sun fi mu sanin zafin rabuwa. Idan za a yaye yaro, wurin kakarsa ake kai shi, wadda ya saba da ita. Ta goya shi, ta dama masa kunu, ta lallashe shi har ya haƙura. Shiga makaranta yaye ne na biyu. Me ya sa na farko ake yin sa da tattali, na biyu kuma da tsawa?

Maza, da ku nake musamman. Biyan kuɗin makaranta da ɗinka yunifom ba su sauke muku nauyi ba. Uba nawa ne ya san sunan malamin ɗansa? Nawa ne ya taɓa leƙa ajin ya ga ko akwai benci, ko yara nawa aka cusa a ciki, ko makarantar tana da ban-ɗaki da ruwa? An haɗa yaro da mai adaidaita sahu, an miƙa masa kuɗin tara, shi ke nan an gama. In ya dawo ya yi shiru, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko kullum da safe ya ce cikinsa na ciwo, sai a ce ƙarya yake. Sau da yawa haka tsoro yake bayyana a jikin yaron da bai iya faɗinsa da baki ba. Mai yiwuwa wani babba ne ke ƙwace masa abinci. Mai yiwuwa ana yi masa magana da Turanci ko Faransanci zalla, yana jin fitsari bai san yadda zai nemi izini ba.

Gyaran bai buƙatar kuɗi. Kafin a buɗe makaranta, ka riƙe hannunsa ku je tare, ya ga ajinsa, ya gaisa da malaminsa, ya san inda zai kewaya. A koya masa yin tsarki da kansa, da buɗe kwanon abincinsa, da faɗin cikakken sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu. A haɗa shi da ɗan maƙwabta da ya riga shi shiga. A gyara masa barci tun da mako biyu, domin likitoci sun ce ɗan shekara uku zuwa biyar yana buƙatar awa 10 zuwa 13 a yini. Wanda ya kai sha ɗaya na dare a gaban talabijin, aka tashe shi da asuba, aka tura shi ba kari, ina zai sami haƙurin zaman aji? In ya dawo, a zauna a saurare shi.

Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa. Mu kuma muna jin kukan namu muna dariya.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro a Najeriya karatun shekara tara kyauta, amma har yanzu ana maganar yara sama da miliyan 10 da ba sa makaranta, akasarinsu a Arewa. Talauci da rashin tsaro suna da kaso mai yawa a ciki. Tsanar makaranta da ake dasa wa yaro a gida kuwa, wannan a hannunmu take, ba gwamnati za mu jira ba. Daga yau, kada sunan Malam ya sake fita daga bakinka a matsayin barazana. In ɗanka ya yi laifi, kai ka tsawatar masa, ka bar masa makaranta ta zama wurin da yake ɗokin zuwa.