Idan aka cire alloli daga wasan, wa zai ɗora karaya?

Tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka a 1974, wato wasan da ake zama a teburi kowa ya ɗauki jarumi ɗaya, jagora yana ba da labari, dayis yana raba gardama, aikin warkarwa ya faɗa hannun mai hidimar alloli. Da an sari jarumi sai ya dafa shi ya roƙi abin bautarsa, rauni ya rufe nan take. Ba kowa wannan ya kwanta wa a rai ba. Wani imaninsa ne bai sake da allolin ƙage ba ko da a wasa, wani kuma duniyar da sara ke da zafi yake so. A ganina cire allolin ba ya rusa wasan, sai dai masu cirewar sukan yi sakiyar da ba ruwa: su kori mai hidimar, su cika jakar kowa da kwalaben tsimi masu yin aikinsa sak.

Abin da mai hidimar alloli ke saya wa abokansa shi ne lokaci. A tsohuwar dokar wasan ta ƙarshen shekarun 1970, maki ɗaya na lafiya ake samu a kowace ranar hutu, don haka wanda ya sha sara sosai sai ya yi makonni a kwance. Wanda ya cire addu'ar, wajibi ne ya yanke shawarar wa zai biya wannan lokacin. Wasan Pathfinder, a bugu na biyu na 2019, ya kawo amsa mai ma'ana: mai sanin magani zai zauna minti goma kan rauni, ya jefa dayis, in ya yi mummunan kuskure ya ƙara wa majinyaci ciwo, kuma a ƙa'ida sai bayan awa guda zai sake taɓa shi. Aiki ne na hannu da gwaninta, irin na maɗori ko wanzami, kuma Warhammer Fantasy Roleplay na 2005 ma ya sanya wanzanci cikin sana'o'in da jarumi kan fara da su.

Za a ce jinya tana kashe armashin wasa, ba wanda ya bar gidansa don ya kalli jaruminsa yana kwance. Gaskiya ne, amma wasan The One Ring na Francesco Nepitello, wanda ya fito a 2011, ya nuna mafita: ya raba gajiya da rauni. Gajiya tana wucewa da ɗan hutu, rauni kuwa ba kullum ake samunsa ba, in an same shi sai an yi jinya. Masu yi wa bugu na huɗu na Dungeons & Dragons na 2008 dariya saboda kwamandan yaƙi yana mayar da makin lafiya da tsawa kawai sun manta cewa Gygax da kansa ya bayyana a littafin jagora na 1979 cewa makin nan ba tsoka da jini kaɗai ba ne, har da ƙwarewa da sa'a. Tsawa ba ta ɗinke fata, amma tana tayar da wanda gwiwarsa ta yi sanyi.

Inda masu suka suke da hujja mai ƙarfi shi ne tsakiyar faɗa. Wanda ya faɗi babu mai tashe shi cikin ƙiftawar ido, kuma littafin jagora na 2014 ya ƙiyasta cewa tawaga za ta iya karo shida zuwa takwas a rana, lissafin da ya dogara ga saurin farfaɗowa. Littafin dai ya ba da wani zaɓi, inda gajeren hutu ke cin awa takwas, dogon hutu kwana bakwai. Jagoran da ya ɗauki wannan hanya dole ya rage yawan faɗa, ya buɗe ƙofar sulhu da ta gudu, ya kuma tanadi gari a taswira inda za a sami mai magani da ɗakin kwana.