Minjiryar Yatsu Biyu: Me Ya Sa Jiran Tiyata Ke Tsawo?

Yau filin namu zai duba wani ciwo wanda ba ya kwantar da mutum, amma yana iya raba mace da sana'arta, wato matsewar jijiyar gwiwar hannu. Za mu ga abin da ke kawo shi, da dalilin da ya sa wadda likita ya ce sai an yi mata aiki takan daɗe tana jira, musamman mu na Jega da Aliero da Maiyama.

Akwai wata jijiya da likitoci ke kira alna, wadda ta taso daga wuya, ta bi ta wani ɗan matsattsen kwari a gefen ciki na gwiwar hannu, ta gangara har ƙaramin yatsa da rabin yatsan zobe. Ita ce idan kin bugi gwiwar hannunki da bakin ƙofa sai ki ji kamar lantarki ya ja ki. To, duk lokacin da aka lanƙwasa hannu, jijiyar nan tana miƙewa, kwarin kuma yana ƙara tsukewa. Idan hannu ya saba daɗewa a lanƙwashe, ko ana yawan dogara gwiwar a kan abu mai tauri, sai jijiyar ta fara gazawa. A cikin cututtukan matsewar jijiya na hannu, wannan shi ne na biyu wajen yawa, bayan na wuyan hannu.

Alamarsa ta farko ita ce minjirya a yatsun nan biyu, galibi cikin dare ko lokacin da aka daɗe riƙe da waya a kunne. In ya yi nisa sai yatsun su mutu, allura ta riƙa suɓucewa mai ɗinkin hula, murɗa makulli ya gagara, naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya lotsa, daga baya yatsun biyu su ƙanƙame.

A nan ne matsalarmu ta farko take. Da zarar yatsu sun fara ƙanƙamewa, sai tsoro ya shiga, don kowa ya san kuturta ma tana kama wannan jijiya. Saboda gudun bakin kishiya da na dangin miji, sai mace ta ɓoye hannunta cikin mayafi, wata kuma a ce mata iska ce ko sammu. 'Yar'uwa, ɓoyo ba magani ba ne. Likita ne zai bambance, ya duba fata ko akwai tabon da ba ya jin taɓi, ya auna suga, ya duba wuya. Ko da ma kuturtar ce, ana warkewa, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke samar da maganinta kyauta.

Matsala ta biyu ta shafi tsohuwar karaya. Aliero ta yi suna wajen ɗori kamar yadda ta yi suna wajen albasa, kuma mutane da yawa sun amfana da maɗoranta. Amma karayar gwiwar hannun yaro daban take. Idan ƙashin ya haɗe a karkace, yana iya jan jijiyar nan a hankali, sai bayan shekaru masu yawa ciwon ya bayyana. Saboda haka uwa, in yaronki ya faɗo daga kan mangwaro ya karye a gwiwar hannu, ki roƙi maigida a fara ɗaukar hoton ƙashin a asibiti. In kuma ke ce kika taɓa karyewa da ƙuruciya, ki faɗa wa likita.

To, yanzu sai maganar jira. Aikin kansa ba babba ba ne. Likita yakan buɗe kwarin ya sakar wa jijiyar wuri, wani lokaci kuma ya matsar da ita gaban gwiwar, kuma sau da yawa akan sallami mutum a ranar ko washegari. Amma aiki ne na likitan ƙashi ko na jijiya, irin waɗanda sai a manyan asibitoci, kamar na tarayya da ke Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano wanda aka buɗe tun 1959. Su kuwa likitocin nan sun yi mana kaɗan. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekaru, waɗanda ke da lasisin aiki kuma kimanin 55,000 ne, alhali mun haura miliyan 200. 'Yan kaɗan ɗin da suka rage, dole su fara da wanda aka kwaso daga haɗarin mota. Mai minjirya a yatsa sai a ba ta wata rana.

Ga kuma tsadar tafiya. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Mace kuwa ba ta tafiya ita kaɗai, sai da ɗan rakiya, ga kuɗin gwaji, ga masauki in an kwana. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga, jiharmu ma tana da hukumarta, KECHEMA, amma kati ba ya amfanar wadda ba ta yanka ba. Ya kamata shugabannin ƙananan hukumominmu uku su nemi a riƙa turo ƙwararren likita asibitocin Jega da Aliero da Maiyama ko da sau ɗaya a wata, domin a tace wa ke buƙatar aiki da gaggawa, a rage wa mata zirga-zirgar banza.

Kafin ranar aikinki ta zo, ga abin da ke hannunki. Da dare ki naɗa tawul ko tsohon zane a gwiwar hannun, ba da matsi ba, don ya hana shi lanƙwashewa cikin barci, kuma ki daina yin matashi da hannun. Kada ki dogara gwiwar a kan tebur ko hannun kujera. Ki riƙa sa waya a amsa-kuwwa. Wajen kitso da saƙa da wanki, ki riƙa tsayawa kina miƙe hannu. Ki yi hattara da murhu da ruwan zafi da wuƙar yankan albasa, domin mataccen yatsa yana ƙonewa mai shi ba ta sani ba. Kada ki yarda a tsaga wurin ko a yi masa ƙaho. Takardunki na asibiti kuma ki adana su wuri ɗaya.

Abu mafi muhimmanci shi ne, idan mutuwar yatsun ta daina zuwa tana tafiya ta zauna daram, ko kin ga naman hannu yana lotsawa, kada ki jira ranar da aka rubuta miki. Ki koma ki nuna. Jijiya tana farfaɗowa a hankali ƙwarai, bayan aiki ma sai an yi watanni, kuma naman da ya daɗe da shanyewa ba lalle ne ya dawo duka ba.

Ku kuma 'yan makaranta masu tagumi a kan benci tun safe har a tashi, ku sauke hannun nan. In kun ga Inna tana yawan yarfe hannu, ko kofi yana faɗuwa daga hannunta, ku karanta mata wannan shafi, ku kuma karɓe mata daka da wanki. Maigida, kuɗin motar yau ya fi sauƙi a kan hannun da ya shanye gobe.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.