Ciwon Zuciyar Masu Jego Da Hakkin Da Ke Kan Malamai Da Attajirai

Godiya ta tabbata ga Allah Mahaliccin zukata, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku malamai da fatake da 'yan kasuwa, ga wata magana da ta shafi gidan kowa.

Akwai wata cuta da ke kama mata a ƙarshen ciki ko a watannin farko na jego. Mace ta haihu lafiya, an yi suna an watse, sai ƙafafunta su kumbura, numfashi ya yi mata wuya, ta kasa barci sai a zaune. Abin da ya faru shi ne tsokar zuciya ta yi rauni, ta kasa tura jini, ruwa ya taru a huhu da jiki. Cutar nan akwai ta ko'ina a duniya, amma ƙasar Hausa tana cikin wuraren da ta fi yawa, har an lissafta kimanin mace 1 cikin 100 da suka haihu a waɗansu asibitocin Arewa.

Likitan asibiti ya kan ba da maganin fitar da ruwa da na sauƙaƙa wa zuciya aiki, Allah Ya saka masa. Amma gano asalin cuta aikin malamin jami'a ne, wanda ke zaune a ɗakin bincike shi da almajiransa, suna duba tsoka da jini ƙwaya ƙwaya. Ra'ayinmu shi ne wannan malami ya cancanci mu tsaya masa da baki da dukiya, ko da ba mu ga amfanin aikinsa a bana ba.

Kada wani ya ce ilmin nan baƙo ne ga Musulmi. Ibnun Nafis, malamin fiƙihu kuma likita a Alƙahira, wanda ya rasu a 1288, shi ya saɓa wa Jalinus, ya ce bangon da ke tsakanin ɗakunan zuciya biyu na ƙasa ba shi da ƙofa, jini sai ya bi ta huhu ya haɗu da iska kana ya komo. Bature William Harvey bai bayyana kewayawar jini a jiki duka ba sai a 1628. Imamul Gazali ya ƙidaya likitanci cikin farillan kifaya, watau in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa ya wallafa littattafai a kan magani.

To, ga yadda aka bi sawun cutar masu jego. A Zariya, likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun bi mata 224 masu ciwon, suka buga sakamako a 1978. Suka zargi yawan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka sake dubawa. Suka tarar da ƙarancin wani sinadarin abinci mai suna siliniyam a jinin da yawa daga matan, suka kuma ga talauci da rama da hawan jini na ciki sun fi al'adun jego alaƙa da cutar. Ka ga na baya ya gyara wa na gaba, kamar yadda mai hashiya ke gyara wa mai sharhi.

Mafi ban mamaki ya fito ne daga ɓeraye. A birnin Hanoba na Jamus, wata malama mai suna Denise Hilfiker-Kleiner ta lura da wani irin ɓera da zuciyarsa ke lalacewa bayan haihuwa. A 2007 ita da almajiranta suka bayyana cewa sinadarin da ke kawo ruwan nono, watau furolaktin, ya kan tsage a jikin ɓerayen, guntun da ya fita ya riƙa ɓata ƙananan hanyoyin jini na zuciya. Da suka tsai da sinadarin da wani tsohon magani, buromokiriftin, sai ɓerayen suka tsira. A 2010 Farfesa Karen Sliwa ta buga gwajin da aka yi a kan mata 20 a Afirka ta Kudu, waɗanda aka ba maganin suka fi murmurewa. Da mai neman riba nan take ya leƙa ɗakin nan ya ga ana kiwon ɓeraye, da ya ce an yi asarar kuɗi.

Sai dai maganin yana ƙafar da nono, ba a kuwa shan sa sai da umurnin likita. A gidan da ba kuɗin madara, ba ruwa mai tsabta, ceton uwa ta wannan hanya yana iya jefa jariri cikin hatsari. Auna wannan sai wanda ya san gidajenmu da abincinmu. Saboda haka ne mu ke bukatar masu bincike namu, don kayan aro ba ya rufe katara.

Masu bincike kuwa ba a sayen su a kasuwa, renon su a ke yi. Shugaban ɗakin bincike tamkar madugu ne a hanyar Gwanja: shi ya san zango da mashigi, amma babban aikinsa ya fitar da yaran da za su ja ayari bayansa. Almajiri ya kan shekara uku ko huɗu ko fiye a ƙarƙashinsa yana koyon awo, da maimaita gwaji, da faɗin gaskiya ko da ta rushe zatonsa, kafin a ba shi ijaza. In wuta ta ɗauke injin sanyi ya tsaya, jinin da aka tara shekara guda ya lalace a dare ɗaya. In ba abin da zai ci, almajirin nan sai ya tafi ƙasar waje, wata ƙasa ta ci moriyar wahalarmu.

Don haka, ya ku attajirai, yadda ku ke gina masallatai da rijiyoyi, ku tsai da waƙafi a jami'o'inmu: wani ya ɗauki nauyin almajiri ɗaya har ya gama, wani ya sa wutar rana a ɗakin bincike, da sharaɗin a riƙa kawo lissafi kowace shekara. Ku kuma malamai, ku faɗa a wa'azi cewa mai jego in ta kumbura tana haki, a kai ta asibiti da gaggawa, kada a ce sanyi ne a ƙara mata wuta. Ku ƙarfafa wa haziƙan almajiranku, maza da mata, su nemi wannan fanni.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu dace. Haza wasalam.