Sauti Dubu Goma, Kunne Babu Ko Ɗaya

Shawarar da aka fi ba matashin da ya fara haɗa kiɗa a kwamfuta ita ce mafi cutarwa: wai ya tara manhajojin sintisaiza iya yawan da kwamfutarsa za ta ɗauka, ya cika ta da shiryayyun sautuka, daga nan ya zama furodusa. Da wannan shawara ake tura wa yara tarin manhajojin sata a filasha, su kwana suna latsa sauti bayan sauti, suna jiran wanda zai yi musu waƙa. Abin da ke fitowa daga baya kowa na jinsa a motar haya da gidan biki: waƙoƙi ɗari, murya ɗari, amma kiɗan kamar daga tukunya ɗaya aka kwaso shi. Mai farawa sintisaiza ɗaya yake bukata, da watanni na zama da ita har ya san abin da kowane maɓalli ke yi wa sauti.

Sintisaiza na'ura ce da ke ƙera sauti daga tushe, ba tare da an naɗi muryar wani kayan kiɗa ba. A da akwati ce ta ƙarfe da katako, irin Minimoog da kamfanin Robert Moog ya fitar a Amurka a 1970. A 1996 kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da tsarin VST, a 1999 kuma ya faɗaɗa shi ta yadda sintisaiza za ta zauna cikin manhajar naɗar kiɗa a matsayin lissafi zalla. Tun daga nan abin da ake saye da kuɗin mota ya koma abin da ake buɗewa a FL Studio ko Cubase ko Ableton Live. Farashi ya faɗi, amma aikin da ke cikin na'urar bai canja ba, kuma sassa huɗu ne ginshiƙinsa.

Na farko shi ne osileta, wato mahaifar sauti. Ita ke samar da girgiza mai maimaita kanta; idan ta maimaita sau 440 a daƙiƙa, an sami amon da mawaƙan Turai ke daidaita kayan kiɗansu da shi. Siffar girgizar ce ke ba da launi. Mai santsi ba ta ɗauke da komai sai amo guda, kusa da busar sarewa. Mai kama da haƙoran zarto cike take da ƙananan amo a saman babban, shi ya sa take da kaifi irin na algaita. Na biyu shi ne rariya, wadda ke tace wannan ɗanyen sauti: a rufe ta, kaifin ya tafi, ya bar kauri, a buɗe ta, sautin ya washe. Na uku shi ne zubin sauti a cikin lokaci, mai matakai huɗu: saurin tasowarsa idan an danna, saukowarsa daga ƙololuwa, matsayin da yake dorewa a kai muddin yatsa na bisa, da jinkirin gushewarsa bayan an saki. Bambancin tsinkar gurmi da jan goge a nan yake. Na huɗu wata osileta ce mai tafiyar hawainiya, wadda kunne ba ya jin ta kai tsaye, aikinta ta riƙa kaɗa wani maɓalli gaba da baya, ta sa murya rawa. Wanda ya fahimci waɗannan huɗu zai buɗe mafi yawan sintisaizar duniya bai ɓata ba. Wanda bai fahimce su ba, ko an ba shi sauti dubu goma, baƙo ne a ɗakinsa.

Masu kare shiryayyen sauti suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Za su ce Yamaha DX7, wadda ta fito a 1983 bisa fasahar da John Chowning ya gano a jami'ar Stanford, tana da wuyar sarrafawa har mafi yawan mawaƙa suka tsaya kan sautukan da ta zo da su daga masana'anta, kuma da su aka yi manyan waƙoƙin shekarun 1980. Za su ƙara da cewa gangar nan mai gurnani ta amapiyano, wadda ta taso daga Afirka ta Kudu ta mamaye Legas, daga wani shiryayyen sauti na cikin FL Studio ta samo asali. Duka gaskiya ne. Amma sautin fiyanon DX7 ya yi yawa a waƙoƙi har yau da an ji shi an san shekarun da aka yi waƙar, kamar tambarin kwanan wata a jikin gwangwani. Gangar amapiyano kuwa ta zama abin da ta zama ne a hannun waɗanda suka ja ta ƙasa, suka lanƙwasa amonta, suka sa ta aikin da ba don shi aka yi ta ba. Dubban da suka kwafe ta daga baya ba tare da taɓa komai ba, ba wanda ke tuna sunansu.

Tarihin Roland TB-303 ya fi fito da batun fili. An ƙera ta a 1981 don ta maye gurbin mai kaɗa gitar bes, ta kasa, aka daina yin ta bayan 'yan shekaru, ta koma kasuwar gwanjo. Wasu matasa a Chicago, ƙungiyar Phuture, suka same ta da araha, suka riƙa murɗa rariyarta tana cikin kiɗa. Abin da suka fitar a 1987 ya haifar da sabon salon kiɗan rawa gaba ɗaya. Na'ura ɗaya ce, wadda masu ita suka ɗauka asara ce, ta faɗa hannun masu haƙurin murɗawa da saurare.

Ga Bahaushe, lamarin ya wuce gardamar salo. Tun ƙarshen shekarun 1990 kiɗan finafinan Kano ya ginu kan fiyanon Yamaha samfurin PSR, kuma wannan fiyano, kamar kusan kowace manhaja a yadda take zuwa, ta raba tsanin amo gida 12 daidai wa daida, bisa tsarin Turai. Goge da kukuma ba su da matakala a wuyansu. Yatsan makaɗi na sauka inda kunnensa ya ce, ko da tsakanin maɓallai biyu na fiyano ne. Kalangu kuwa magana yake yi: ana matse tsarkiyarsa a hammata amon ya hau, a saki ya sauka, yana bin hawa da saukar muryar Hausa. Shiryayyen sautin da aka rubuta wa suna ganga ko sarewa a wani ofis na Turai ko Japan bai san wannan ba. Duk lokacin da aka tilasta wa karin waƙar Hausa ya zauna kan waɗannan gidaje 12, akwai abin da ake askewa, kuma yaran da suka tashi da jin askakken za su ɗauka haka kakanninsu suka yi.

Larabawa da Turkawa ba su yarda da wannan aski ba. Sai da kamfanoni irin Yamaha suka ƙera musu fiyano na musamman masu maɓallan sauya amo, domin kiɗansu na da rubu'in mataki. Makaɗin Hausa na yau ba ya ma bukatar jiran kamfani. Surge XT, wadda kyauta ce kuma a buɗe take ga kowa, tana karɓar tsarin amo na daban, mutum ya auna na gurmin garinsu ya shigar mata. Lanƙwasar kalangu ana gina ta ne da haɗa zubin sauti da hawan amo, aikin da ba ya cin rabin awa ga wanda ya san hanya. A Yamai, tun ƙarshen shekarun 1970, Mamman Sani ya zauna da ogan lantarki guda ɗaya yana fitar da karin waƙoƙin Sahel, rediyo da talabijin na Nijar suka yi shekaru suna sa kiɗansa, kamfanin Sahel Sounds kuma ya sake fitar da shi ga duniya a 2013. Abin da ke kwamfutar ɗalibin yau ya ninka abin da ke gabansa sau ba adadi.

Batun manhajar sata kuma ba shi da sauran uzuri. Vital, wadda Matt Tytel ya fitar a 2020, tana da nau'in kyauta da ke nuna wa mai koyo a allo yadda kowace girgiza ke motsi. Dexed kyauta ce, tana kwaikwayon DX7. Wanda ke da FL Studio yana da 3xOsc a ciki, osileta uku ba ado, ajin farko da ya fi kowanne. Manhajar da aka fasa kuwa kan zo da ƙwayar cuta, ta rushe ana tsakar aiki da mai waƙa. Masana'antar da ta yi shekaru tana kuka da masu satar fasaha ba ta da bakin koya wa 'ya'yanta fara sana'a da kayan sata.

Hanyar farawa gajeriya ce a faɗe. A zaɓi sintisaiza ɗaya, domin taura biyu ba ta taunuwa. A buɗe ta a wofi, osileta ɗaya, ba wani ƙari. A daidaita katin sauti ta yadda jinkiri tsakanin danna maɓalli da jin amo ba zai dami hannu ba. Ma'ajiyar 256 a kan awon 44,100 tana ba da jinkirin da bai kai kashi 6 cikin 1000 na daƙiƙa ba. Daga nan a ɗauki sauti guda da kunne ya sani tun yarinta, kakakin fada ko duman girke, a yi ta ƙoƙarin ƙera shi. Ba zai fito daidai ba, kuma a wannan rashin daidai ne ake gane abin da rariya ke ci da abin da zubi ke gyarawa. Shiryayyun sautuka suna da rana a nan: a buɗe su a warware, a kashe sassansu ɗaya bayan ɗaya, a ga yadda gwani ya ɗinka, kamar yadda ɗan koyon tela ke farke tsohuwar riga.

Masu situdiyo da ke karɓar yara koyo su ne za su fara gyarawa. Ɗan koyon da aka miƙa wa filasha cike da sautuka an koya masa zaɓe ne kawai, kuma manhajojin da ke haɗa waƙa da kansu sun riga sun fi shi saurin zaɓe. Abin da zai hana a maye gurbinsa shi ne ya iya jin amo a kansa, na kalangun unguwarsu ko na gogen da ya ji a gidan biki, ya zauna ya ƙera shi da hannunsa.